Sarƙar Babur da Jar Ƙasar Birik

Wata asuba cikin damina, ina kan hanyar zuwa gidan rediyon da nake aiki domin gabatar da shirin safe, sarƙar babur ɗina ta tsinke a tsakiyar hawan da ke fita daga unguwarmu. Allah Ya taimake ni ba gudu nake yi ba. Na ji ƙara a ƙarƙashin ƙafata ta hagu kamar an buga guduma, injin ya ɗauki kuka babu ja, babur ya fara sulalewa da baya. Na taka birki na sauka. Da na haska fitilar waya sai ga sarƙar kwance a kan kwalta, ta tsaga murfin injin kafin ta faɗi. Ranar abokin aikina ne ya buɗe shirin, ni kuwa da gari ya waye na tura babur zuwa rumfar wani dattijon makaniki da ya yi wa mahaifina gyara shekara da shekaru.

Ya ɗauki sarƙar ya riƙe ta a kwance, sai ta lanƙwashe ta gefe kamar baka. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da wanke ta?"

Na ce, "Baba, ai duk mako ina zuba mata mai."

Ya ce, "Ban tambaye ka mai ba. Wankewa na ce."

Na yi shiru, don tun da na sayi babur ɗin ban taɓa wanke sarƙarsa ba. Baƙin mai kawai nake sa yaran gareji su tsiyaya mata in wuce. Wannan tambaya ta Baba ita ta sa na shiga bin diddigin sarƙa: daga ina ta fito, yaya aka yi ta iso Birik, kuma me ya sa iyayenmu suka san hakkinta mu muka manta. Abin da na tattara ke nan na kawo wa masu karatu.

Kafin ƙarfe ya iso

Duk wanda ya san Yawunde ya san Briqueterie, wadda mu 'yan unguwa muke yanke wa suna mu ce Birik. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin buga bulo, saboda masana'antar bulon ƙasa da aka kafa a wurin tun zamanin Jamusawa.  Ke nan tun daga sunanta unguwarmu ta jar ƙasa ce, kuma mai karatu ya riƙe wannan, don jar ƙasar nan za ta sake fitowa a gaba.

Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889. Ba a jima ba, a zamanin da Hans Dominik yake riƙe da sansanin, fataken Hausawa suka fara zama a garin. Daga Adamawa suke gangarowa, ta Tibati da Yoko, su haye kogin Sanaga, suna kawo tufafi da kayan fata da duwatsun ado, suna komawa da hauren giwa da danƙo da goro. A kurmi jaki ba ya daɗewa saboda ƙudan tsando, don haka yawancin kaya a ka ake ɗauka. Kakanninmu da ƙafa suka zo garin nan.

Sojojin ƙawance suka shiga Yawunde a ranar 1 ga Janairun 1916, mulki ya koma hannun Faransa. Jirgin ƙasa ya iso daga Duwala a 1927. A shekarun 1930 ne zangon Hausawa ya tabbata a Birik, bayan an tashe su daga wuraren da suka fara zama kusa da tsakiyar gari. Sai a 1974 layin dogo ya kai Ngawundare, tafiyar da ake yi ta makonni ta koma ta kwana guda. A tsakanin waɗannan shekaru ne keke ya shigo, bayansa babur, kuma dukansu biyu sarƙa ke jan su.

Inda aka haifi sarƙa

Sarƙar ɗaure kaya tsohuwar aba ce, maƙeranmu ma sun san ta. Amma sarƙar da ke hawa kan haƙora ta juya taya ta baya-bayan nan ce. Wani Bafaranshe, André Galle, ya yi rajistar irin tasa a 1829. A Ingila, James Slater ya ƙara mata zobba masu juyawa a 1864. Wanda ya kammala aikin shi ne Hans Renold, mutumin Suwizalan da ya zauna a Manchester. Ya sayi masana'antar Slater a 1879, a 1880 kuma ya fito da sarƙar da har yau ita muke amfani da ita.

Dabarar Renold ƙarama ce a ido. Kowace gaɓa ta sarƙa tana da ƙusa da ke haɗa ɓallayen ƙarfe na waje. Shi sai ya sanya wa ƙusar ɗan bututu ya zama riga, a kan bututun kuma ya ɗora zobe mai juyawa wanda shi ke taɓa haƙorin faifai. Da haka nauyin ja ya bazu a kan tsawon ƙusar duka, kuma aka sami ɗan lungu tsakanin ƙusa da bututu inda mai zai kwanta. Duk maganar sa wa sarƙa mai, maganar wannan lungun ce. Man da ke sheƙi a bayan sarƙa ba ya aikin komai sai tara ƙura.

Shekara biyar bayan haka, a 1885, John Kemp Starley ya fito da keken Rover a garin Coventry, mai tayoyi biyu kusan daidai da sarƙa tana juya ta baya. A wannan shekarar kuma Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora inji a kan abin hawa mai firam na katako a Jamus. Sai dai baburan farko da yawa ba su yarda da sarƙa ba. Na Hildebrand da Wolfmüller, wanda aka fara ƙerawa da yawa don sayarwa a Munich a 1894, sandunan ƙarfe ne ke tura tayarsa kai tsaye daga inji. Wasu kuma bel na fata suka yi amfani da shi, saboda injunan lokacin fizga suke yi kuma fata tana shanye fizgar. Matsalar fata ita ce ruwa: da an yi ruwan sama sai ta riƙa zamewa, musamman a hawa. Da injuna suka ƙara ƙarfi, aka sami kuloci da giya masu kyau, sarƙa ta kori fata. Kamfanin BMW ya bi wata hanya a 1923 da babur ɗinsa R32 mai sandar ƙarfe, amma wannan tsada gare shi, bai zama na talaka ba.

Yaƙi da ƙura

Tun farko maƙera sun gane cewa babban abokin gabar sarƙa shi ne ƙasa. Kamfanin Sunbeam na Wolverhampton ya yi suna da kekuna, daga baya babura, masu sarƙa a rufe cikin akwati, ƙasanta tana ratsa ɗan tafkin mai. Masu babura a Ingila a da sukan cire sarƙa su wanke da kananzir, sannan su nutsa ta cikin gwangwanin giris da aka narkar a wuta, ya shiga kowace gaɓa ya daskare. Baba ya ce shi ma haka maigidansa ya koya masa, a kan murhun gawayi.

A 1958 Honda ta fito da Super Cub, sarƙarsa a rufe ruf cikin kwanson ƙarfe, da ɗan rami mai marfi na dubawa. Zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. A 1975 kuma ta fito da CG125, wanda ta tsara musamman don ƙasashe masu tasowa, bayan injiniyoyinta sun zaga kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda ake lafta wa babur kaya ba a kuma kai shi gyara sai ya tsaya. Injin wannan babur shi ne uban da yawa daga baburan China da suka cika titunanmu yau. A shekarun 1970 ɗin ne kuma aka fito da sarƙa mai ƙananan zobban roba a kowace gaɓa, waɗanda ke kulle giris a ciki tun daga masana'anta. Manyan babura sun koma kanta, amma ƙananan da ake haya da su a nan har yanzu yawancinsu sarƙa marar roba suke ɗauke da ita, saboda araha.

Mahaifina keken Raleigh ya fara mallaka, sannan Mobylette, daga baya Yamaha. Ina tuna safiyar Lahadi, yana zaune a kan kujerar tsuguno a zaure, da tsohon buroshi da gwangwanin kananzir, yana bin sarƙa gaɓa-gaɓa. A zamaninsu babur dukiya ce. Mutum yakan yi shekaru yana tari kafin ya saya, kayan gyara daga nesa suke zuwa, kuma wanda ke hawa shi ne mai shi. Tela ko mahauci ko mai shagon atamfa a Birik, in ya sayi babur, da niyyar ya tsufa da shi ya saya.

Zuwan bensikin

Abin ya sauya ne da tattalin arziki ya karye. Daga tsakiyar shekarun 1980 farashin man fetur da koko da kofi ya faɗi, Kamaru ta shiga matsi. Haya da babur ta fara ƙarfi a arewa, a Marwa da Garwa da Ngawundare, da babura irin su Suzuki da Yamaha da ake shigowa da su daga Najeriya, da fetur mai araha na tsallaken iyaka. A 1991, lokacin yajin aikin gama-gari da aka yi wa laƙabi da matattun birane, tasi suka daina yawo a Duwala, babur ya zama abin da ke iya ratsa unguwanni. A 1993 aka zabtare albashin ma'aikata har sau biyu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake shigowa da shi ya ninka. A 1995 kamfanin bas na gwamnati, SOTUC, wanda tun 1973 yake jigilar mutanen Yawunde da Duwala, ya rufe.

Jama'a ba su daina zuwa kasuwa da asibiti ba don bas ya mutu. Babur ne ya cike gurbin. Abin da Kano ke kira acaɓa, Maraɗi da Damagaram ke kira kabu-kabu, mu a nan bensikin muke ce masa, sunan wata rawa ta mutanen yammacin ƙasar. Da aka shiga shekarun 2000 sai baburan China irin su Sanili da Nanfang suka malalo, daga baya na Indiya irin su Bajaj da TVS, farashi ya sauko har matashi na iya fara sana'a da abin da ba zai sayi rabin Yamaha ba. A ƙarshen 2008 gwamnati ta fitar da dokar tsara sana'ar. Hukumomin Yawunde kuma suka hana 'yan bensikin shiga tsakiyar gari da manyan tituna.

Wannan hani ya shafi sarƙa kai tsaye, ko da yake ba wanda ya yi tunaninta lokacin. An bar wa tasi shimfiɗaɗɗiyar kwalta, an tura babur unguwannin da ke kan tuddai da cikin kwari, inda hanya ta ƙasa ce. Yawunde ana mata kirari da birni mai tuddai bakwai, kuma wanda ya ƙirga ya san sun fi haka. Damina biyu muke yi a shekara, daga Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba. Da rani jar ƙura, da damina jan taɓo. Ka ɗora wa babur mai inji 125 ko 150 fasinja biyu da buhun rogo daga kasuwar Mokolo, ka ce ya hau Nkomkana ko Mbankolo a giya ta ɗaya, duk wannan nauyi a kan ƙusoshin da ba su kai kaurin fensir ba yake sauka.

Sai kuma sauyin da ya fi duka, wato raba mai babur da mai tuƙi. Da yawa daga yaranmu ba nasu suke ja ba. Akwai kuɗin da aka yanka musu na kullum, wanda a nan ake kira reset, a Kano kuma balas. Yaron da zai kai reset da yamma, minti ashirin na wanke sarƙa a wurinsa fasinja biyu ne suka wuce. Mai babur kuma yana gida, ba ya jin kukanta. Sarƙa ta zama marainiya. Kwanson da Honda ta yi wa Super Cub, wanda yawancin baburan nan suna zuwa da irinsa, da ya fara ƙara sai a kwance a jefar, alhali sau da yawa sarƙar ce ta saki take dukansa. An cire ƙararrawa an bar ɓarawo.

Abin da ke faruwa a cikin gaɓa

Muna cewa sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba ya miƙewa kamar roba. Cinyewa yake yi. Yawancin baburanmu sarƙa mai lamba 428 suke ɗauka, wadda tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, wato milimita 12.7. In ƙasa ta shiga tsakanin ƙusa da bututu ta haɗu da mai, sai ta zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita. Kowace gaɓa ta ci rubu'in milimita kawai, a gaɓa ɗari an sami santimita biyu da rabi. A nan sarƙa ta gama aiki, don ba ta ƙara zama daidai cikin haƙora. Sai ta riƙa hawa kansu, tana feƙe su suna lanƙwasa kamar ƙaho. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Baƙin mai da muke zubawa, wanda aka juye daga inji, ya riga ya gaji, kuma ɗauke yake da garin ƙarfe da dattin ƙuna. Ya fi a bar sarƙa a bushe, wannan gaskiya ne, amma in ana zuba shi a kan datti ba wanki, shi ke tura ƙasar cikin gaɓa. Ragowar kuma yana fantsama kan taya da zanen fasinja, ruwan sama ya kwashe na ƙasa ya bi lambatu da shi zuwa kogin Mfoundi.

Akwai dabaru biyu na rashin kuɗi da kowa ya sani a garejin unguwa. Na farko, in wurin ɗaure sarƙa ya ƙare, a cire gaɓa biyu a sake haɗawa. Na biyu, a saka sabuwar sarƙa a kan tsofaffin faifai, ƙaramin na gaba da muke kira pinyon da babban na baya da muke kira kuron. Na farkon yana gajarta sarƙar amma bai mayar da ƙarfen da ya cinye ba, kuma ita ce sarƙar da ke tsinkewa a hawa. Na biyun kuwa tsofaffin haƙora ne za su cinye sabuwar cikin ɗan lokaci. Araha ba ta ado. Sarƙa da faifanta biyu tare ake canja su.

In sarƙa ta tsinke ko ta sauka ana cikin gudu, tana iya naɗewa ta kulle tayar baya. Tana iya fasa inji kamar yadda ta yi mini. Tana iya dukan ƙafar wanda ke baya, kuma wanda ke baya sau da yawa uwa ce da goyo ko yaro mai zuwa makaranta.

Yadda Baba ya nuna mini

Da muka saka sabuwa, bai bar ni na tafi ba sai da ya sa na yi da hannuna. A kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a kashe inji. Ya nanata wannan har sau uku, don ya ga yaran da suka rasa yatsu wajen goge sarƙa da tsumma inji yana juyawa. A juya taya da hannu. A jiƙa buroshi da kananzir a bi sarƙar ciki da waje har jan ruwa ya daina fita. Fetur yana cin zobban roba in sarƙar mai roba ce, ga haɗarin wuta, don haka a bar shi. A goge da tsumma, a bari ta sha iska.

Sannan mai. Man giya mai kauri, lamba 80 ko 90, shi littattafan babura da yawa suka ambata, kuma ƙaramar kwalba tana daɗewa. A ɗiga shi ta cikin sarƙa, a layin ƙasa, inda ɓallaye suka haɗu, ana juya taya a hankali har a zagayo. Ya fi kyau da yamma bayan an tashi aiki, sarƙa da ɗuminta, mai ya kwana yana shiga. Da safe a share na waje. Littattafan suna cewa duk bayan kilomita 500 zuwa 1,000, amma wannan lissafin hanya mai tsabta ne. Ɗan bensikin a Yawunde yana cinye wannan tafiya cikin mako, kuma duk ranar da ya ratsa taɓo lissafi ya koma farko.

Sai ɗauri. A tsakiyar layin ƙasa, sarƙa ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita biyu zuwa uku. In ta yi sako-sako za ta sauka, in ta yi tsauri kuma za ta kashe boris ɗin giya da zarar fasinja ya zauna. A daidaita alamomin gefe biyu don taya ta tsaya a miƙe. Ɗan ƙarfen da ke kulle makullin sarƙa, rufaffen kansa ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya. Gwajin tsufa kuma ba ya buƙatar kayan aiki: ka ja sarƙa daga bayan kuron da yatsa, in ta ɗaga har ka ga rabin haƙori, ta gama.

Da muka gama na ce, "Baba, duk wannan ai bai kai rabin awa ba."

Ya ce, "Mahaifinka ma bai fi haka yake yi ba."

Na tambaye shi ko yaran yanzu suna sauraronsa. Ya ce waɗanda suka gama biyan babur ya zama nasu suna saurare, sauran kuwa sai ranar da suka turo shi da hannu. Ina ganin a nan gyaran yake. Masu ba da babura haya a unguwar nan, da shugabannin tashoshin bensikin, za su iya sa wankin sarƙa cikin yarjejeniya, a ware wa yaro lokacinsa a mako ba tare da an cire daga abin da zai kai gida ba. Kuɗin kananzir da man giya na wata bai kama ƙafar kuɗin murfin inji ɗaya ba, balle kuɗin asibiti.

Tsohuwar sarƙar tana rataye a ƙusa a zaurenmu, kusa da inda mahaifina yake ajiye gwangwaninsa. Kwanson da na kwance na jefa bayan ɗaki tun watan farko, na nemo shi na mayar. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.